Lambar Anselmo a Rairayin Glamis

Tun kafin a haifi Ofelia Barraza aka daina sayar da babur mai ƙafa uku, irin na hawan rairayi, mai tayoyi ɓul-ɓul. Aka ce kifewa yake yi da mutane. Tserensa ya mutu, sunan mahaifinta Anselmo ya bi shi, mutumin da a zamaninsa in ya tayar da inji a tuddan rairayin Glamis sauran mahaya sai dai su yi rigimar wa zai zo na biyu.

Abin da ya saura ƙungiyar tsofaffi ce, masu taruwa sau ɗaya a shekara idan sanyi ya shigo, kowa da tsohon babur ɗinsa a bayan mota. Doka ɗaya gare su da ba sa ɗaga wa kowa: babur ɗin da ya yi shekara biyu a jere bai kammala tsere ba, za a ɓare lambarsa a ba sabon shiga. Bara Anselmo yana asibiti, ɓarin jikinsa ya shanye. Bana in lambarsa, goma sha bakwai, ba ta ƙetare layi ba, ta zama ta wani. Shi ya sa Ofelia ta ce ita za ta hau a madadinsa.

Da safen ranar tseren Delfino, aminin mahaifinta, yana juya nama a kan garwashi ya hango ta tana ɗaure takalmi.

"Ke 'yar jami'a, wai da gaske kike? Wannan ba irin naku mai ƙafa biyu ba ne da ke bin ki kamar kare. Jaki ne, sai an yi kokawa da shi."

"Kawu, kai da wannan tumbin ma kana hawa, balle ni?"

Tsofaffin suka kwashe da dariya.

"Tumbin ne ke danne min shi a kwana, mara kunya. Saurara. Ki rataya jikinki gefe, kuma ko sama za ta faɗo kada ki sauke ƙafa."

"Tun ina rarrafe nake jin wannan."

Anselmo na kan keken marasa lafiya a ƙarƙashin rumfa, an rufa masa bargo. Tun da ciwon ya same shi fuskokin mutane suke zuwa masa suna tafiya, ya gane su yau gobe ya manta, babur ɗin kaɗai ne bai taɓa ɓace masa ba. Ta durƙusa gabansa.

"Baba, zan tafi."

"A lallaɓa shi," ya ce da karkataccen baki, idonsa a kan tanki.

Aka ɗaga tuta. Ofelia ta iya tuƙi, ta kuma san ta iya. Kafin a hau tudu na farko ta bar rabin tsofaffin suna shan ƙurarta. Sai dai duk ƙuruciyarta a kan mai ƙafa biyu ta yi ta, inda mahayi ke miƙa ƙafa ƙasa a kwana don ya tokare. A gindin wani tudu mai gangara hanya ta karya hagu, babur ya yi kamar zai kife, ƙafarta ta hagu ta sauka da kanta ba tare da ta yi shawara da ita ba. Tayar baya ta cafke takalmin, ta fizgo ta ƙasa, ta bi ta kan ƙafar.

Ta ji ƙarar ƙashin kafin zafin ya iso.

Waɗanda ta wuce suka zo suka wuce ta. Can sai ga motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka lalace. Direban ya leƙo, ya dubi ƙafar, ya kau da kai.

"'Yata, hau mu tafi. An gama."

"In na hau motarka lambar ta tafi."

"Lamba kike ji? Dubi inda yatsunki suke kallo!"

"Malam, matsa min."

Ta ja jiki ta kama sitiyari, ta ɗora gwiwar hagu a kan sirdi, ta buga inji da ƙafar dama. Ya ƙi. Ta sake bugawa, duniya ta yi mata fari fat, ta yi amai a kan rairayi. A bugu na gaba ya kama. Ƙafar da ta karye ita ce mai sa giya, don haka ta sunkuya ta ja ƙarfen da hannu, ta bar shi a giya ɗaya har ƙarshe. Kowane ɗan tudu sai ya buga mata ƙashin, ita kuma ta zagi babur ɗin da babbar murya, tunda ba mai ji.

Lokacin da ta iso mai tuta har ya fara naɗe tutarsa.

"Goma sha bakwai ta shigo!" Delfino ya yi ihu. Aka fara tafi, da idanu suka kai kan ƙafar aka daina.

Aka turo Anselmo. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya shafa tanki, ya shafa lambar, har ya kai ga murfin tayar baya da ya tsage.

"Wa ya fasa min wannan?"

"Ni ce, Baba."

Ya ɗaga kai ya dube ta, fuskarta duk ƙura da gumi, irin duban da ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama.

"Ki gaya wa Ofelia ta daina ba kowa da kowa babur ɗina."

Delfino ya buɗe baki, ta harare shi, ya rufe.

"Zan gaya mata," ta ce.

Ba ta sauka ba sai da aka juya keken aka mayar da shi rumfa. Sannan ta dafa kafaɗar Delfino.

"Kawu, kai ni bayan mota, ka zo da wuƙar naman nan. Takalmin ba zai ciru ba, sai an yanka."