Kalmar da Suka Lalata Mini

Ni magini ne, ban yi boko mai nisa ba, amma ban taɓa ɗauko gawa daga wurin aikina ba. Dalili kuwa kalma ɗaya ce. A garinmu, in abu zai faɗo daga sama, "zarangaɗau" ake cewa. Duk leburan da ya zo wurina, kafin ya taɓa shebur sai na gaya masa: in ka ji ta, kada ka ɗaga kai, kada ka tambaya, ka ruga.

Sai surukina mai fenti, mijin babbar 'yata, ya ɗauke ni a waya ina faɗinta, ranar da bulo ya suɓuce daga hawa na biyu. Bai nemi izinina ba ya watsa. Wasu marasa aikin yi suka ɗora mata kiɗa.

Kafin ka ce me, ta zama abin yayi. Budurwa ta yi kwalliya, zarangaɗau. An ci ƙwallo, zarangaɗau. Har mai shayin bakin titi, in ya miƙo mini kofi sai ya faɗa yana washe baki.

Na tare surukin nawa a gindin tsani.

"Ka goge abin nan."

"Baba, ai ya fi ƙarfina. Yanzu kai ne kake tashe. Mutane ƙaunarka suke yi."

"Ƙaunar me? Kayan aikina ne. Ka taɓa ganin na ɗauki buroshinka na share kwata?"

Ya yi dariya, wai Baba akwai barkwanci.

Abin da ya fi ƙona mini rai, leburorina ma suka ɗauka. Daga safe zuwa tashi, wannan ya jefa wa wancan, wancan ya amsa da "ɗau-ɗau" irin na kiɗan. Na yi faɗa har muryata ta dushe. In na juya baya su ci gaba ƙasa-ƙasa.

Ranar da muke zuba kankare a sama, igiyar da muke jan bokiti ta tsinke. Dogo, leburan da ya fi daɗewa a hannuna, yana ƙasa daidai saitin. Na buɗe maƙogwaro na faɗe ta iyakar ƙarfina.

Dogo ya ɗago kai yana murmushi, ya ce, "ɗau..."

A kafaɗa bokitin ya same shi. Da ya goce kaɗan, da kai ne.

A asibiti, ma'aikaciyar da ke naɗe masa hannu ta ƙura mini ido. "Baba, ba kai ne na wayar nan ba? Don Allah ɗan faɗa mana sau ɗaya."

Na ce, "'Yata, ga wanda aka faɗa wa nan a gabanki. Ki tambaye shi daɗinta."

Surukina ya zo dubiya da lemo a leda, yana sunkuyar da kai. Na ce ya kwashe gwangwanayen fentinsa ya nemi wani ginin. 'Yata ta kira tana kuka, na ce mijinta ne a gida, ban hana ba, amma ba a ƙarƙashin katakona ba.

Washegari na biya kasuwa na sayi usur. Ga ni da furfurata, rataye da shi a wuya kamar alƙalin wasa. Na tara leburorina na ce daga yau in sun ji shi su ruga, kuma duk wanda ya kwaikwayi ƙararsa, ko da baki ne, ya ajiye shebur ya kama hanya. Na hura na gwaji. Suka watse, har da mai kawo mana ruwa.