Jinin Gida

Likitar dashen ƙoda ta dube ni. "Ƙodarki lafiya lau take, amma jikin yayanki zai yaƙe ta. Garkuwar jikinsa ta riga ta san ki. An taɓa ƙara masa jininki?"

An taɓa. Bara da jininsa ya yi ƙasa, Umma ta rantse ba za a sa wa ɗanta jinin bare ba alhali ga ƙanwarsa. Da murnata na miƙa hannu.

Yaya ya yi dariyar ƙarfin hali. "Auta, kin tsira da kayanki."

Umma ta matso da kujerarta. "Likita, ba a iya cire masa shi?"

Likita ta girgiza kai a hankali, ta ce ya ci gaba da zuwa wankin ƙoda.