Yarinyar Katun da Ta Yi wa Manya Magana a Tsaye

Tiresa ta kashe majigin, ta juyo tana kallon dattawa. Shekarun da ta yi a birnin Auckland na New Zealand tana koyon zane duk suna cikin wannan katun ɗin, kuma ba za a nuna wa yaran makarantar ƙauyensu na Samoa ba sai majalisa ta yarda. Ga shi mugun da ke cikin fim ɗin wani ƙaton mai gari ne mai tumbi, wanda ya ba masu otel hayar bakin teku ya hana matan ƙauye kamun kifi a wurin. Abin da kawunta Ioane ya yi bara ke nan, kuma ga shi zaune a tsakiya, ya jingina da ginshiƙin da mai gari kaɗai ke jingina da shi.

Can sai Kawu Ioane ya fashe da dariya har tumbinsa na girgiza.

"Kai, 'yar nan ba ki da dama! Ai na gane shi. Mai garin ƙetaren rafi ne, har tafiyar tasa!"

Dattawa suka gyaɗa kai, kowa ya sa wa tabarma ido kamar yau ya fara ganinta. Inna Fetu, matar fasto, ta toshe baki da mafici.

"Ni dai gwazar cikin fim ɗin ce ba ta yi min ba," in ji wani tsoho. "Wa ya taɓa ganin gwaza shuɗiya?"

Aka yi ta ja-in-ja a kan gwaza, aka koma kan alade, wai ya cika tsafta. Tiresa ta fara samun numfashi, har ta soma naɗe waya.

"Saura abu ɗaya," Kawu Ioane ya ɗaga yatsa, fuskarsa ta canza. "Yarinyar nan ta fim, a ƙarshe, ta shigo gaban manya ta yi magana a tsaye. A tsaye! A wane gida aka raine ta? A Samoa ana yi wa babba magana ƙerere a kansa? Jikokina ba za su kalli wannan ba."

Tiresa ta dakata da naɗe wayar. Wurin da ta fi so a fim ɗin ke nan. Malamanta na Auckland har tafi suka yi masa, ita kuwa ta manta sam da al'adar gida.

"Amma Kawu, abin da ta faɗa fa?"

"Wa ya saurara? Da ta zauna ta naɗe ƙafa kamar 'yar mutane, ko wane irin mai gari ne dole ya ji ta har ta gama. Haka al'ada take."

"Dole, Kawu?"

"Dole!"

Tiresa ta ajiye wayar. Ta sunkuya ta wuce ta gaban dattawa tana neman gafara, ta zauna daidai gabansa, ta naɗe ƙafa, ta gyara zaninta ya rufe gwiwa.

"To, Kawu, ga ni a zaune. Maganar bakin tekunmu ce."

Inna Fetu ta sauke mafici ta gyara zama.