Sunan Ɗan Fari a Rediyo

"Ladidi, sannu-sannu! Rediyo ne, ba tulu ba!"

Alhaji Mijinyawa ke nan, mai sayar da hatsi, yana biye da ni yana haki. Ni kuwa na aza rediyon nasa bisa gammo ina zuba sauri, ko waiwaye ban yi ba. Tunda ya sayo abin nan daga Maradi ko iyalinsa ba su taɓa shi ba, amma ranar na shiga shagonsa na ce ko ya ba ni aro, ko in zauna bakin ƙofa in yi ta kuka har masu saye su watse. Ya san zan aikata.

Bayan la'asar za a karanto sunayen yaran da aka ba burs ɗin marayu, wato karatun kwalej a Maradi, da ci da kwana, duk kyauta. Zinariya, jikar maƙwabciyata Nagoggo, ta riga ta ci jarrabawa, amma in ba ta samu burs ba karatu ya ƙare ke nan, don ba mai ɗaukar nauyinta. Ita kuwa Nagoggo ciwon ƙirji ya kwantar da ita tun sanyi, duk wanda ya dubi idonta ya san tafiya ta zo. Ta ce ba inda za ta sai ta ji da kunnenta.

Uban Zinariya, Jimrau, shi ne ɗan farin Nagoggo. Rijiya ta rufta da shi wajen Azagor yarinyar tana rarrafe, uwarta kuma ba ta sake ganin wata damina ba. Da cinikin daddawa tsohuwar ta rene ta. Tun ina amarya muke katanga ɗaya da Nagoggo, ban taɓa jin sunan ɗan nan a bakinta ba, saboda kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa, yana raye da bayan ransa. Ranar da aka kawo gawarsa ma ba wanda ya ga hawayenta. Da Mushe Abarci, malamin lakwal, wato makarantar boko, ya zo tambayar sunan uban yarinyar don ya rubuta a takarda, juya masa baya ta yi ta ce, "Tambayi Ladidi." Na sha yi mata tsiya a kan haka, ta ce mu 'yan zamani ba mu da ta ido.

Kafin in sauke rediyon bisa turmin da aka kifa, tsakar gidan Nagoggo ya cika. Mata sun bar daka, mahauta sun taho da wuƙaƙensu a hannu, har wani Buzu da ya zo sayen gero ya ɗaure raƙuminsa ya leƙo ta kan darni. Muka fito da Nagoggo kan tabarma, Zinariya ta zauna bayanta ta jingina ta a ƙirjinta.

"Wanga akwati ne za ya faɗi?" in ji Nagoggo. "Ku ba shi ruwa tukuna, daga nesa ya hito."

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya murɗa nan ya murɗa can, abin sai shuuu yake yi kamar an zuba ruwa a mai. Ya ciro pil, wato batura, ya goga a rigarsa ya mayar, yana ta rantsuwa jiya-jiya ya saye su. Can sai ga muryar wani mutum da Faransanci, tar.

"Ku yi shiru, an soma!" in ji Mushe Abarci.

Mutumin ya bi Tasawa, ya bi Madawa, yana jan sunaye kamar ba shi da wani aiki a duniya. Da ya ce "Dakoro", wato yankinmu, gidan ya kaure da ihu, sai da na daka musu tsawa. Sunan farko na wani yaro ne daga Kornaka. Na biyu ba mu san shi ba. Zinariya ta runtse ido.

"Zinariya... Jimro."

Guɗar da na ɗauko ta maƙale a wuyana.

"Jimro kuma?" in ji wani mahauci. "Wane ne Jimro?"

"Anya ba wata Zinariyar ba ce?" in ji Alhaji. "Akwai ɗiyar wani a Ɗan Gulbi, ita ma haka aka kiranta."

Na ga fuskar yarinyar ta yamutse. Mushe Abarci ya ɗaga hannu zai yi magana, amma wata murya ta riga shi.

"Jimrau."

Duk muka juya. Nagoggo ce, ta ɗago kai daga ƙirjin jikarta, tana nuna rediyon da yatsa.

"Ku gaya ma mutumen cikin akwatin nan shi gyara bakinshi. Jimrau ne sunanshi. Ni na haihe shi."

Tsofaffin matan da ke wurin suka sunkuyar da kai.

"Gaskiyarki, Inna," in ji Mushe Abarci. "Ni na rubuta shi da hannuna. A boko na Nasara haka suka karanta baƙaƙen, amma Jimrau ne. Ɗiyarmu ce anka ba!"

Wayyo, ranar na yi guɗar da ban yi ba ko a bikin 'yata ta cikina! Mahauta suka shiga buga wuƙaƙe, wata ta kifa ƙwarya cikin ruwa ta hau kiɗa, Buzun nan yana ta tambaya mi anka yi, yana rawa tun bai ji amsa ba. Alhaji Mijinyawa ya ce shi zai kai Zinariya Maradi da motar hatsinsa, gidan gaba, kusa da direba. Ina cikin taka rawa na waiwayi Nagoggo. Hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba, leɓɓanta na motsi da sunan nan a hankali.

Washegari da hantsi ta cika. Ni da Zinariya ne a kanta, na ja mayafi na rufe mata fuska. Yarinyar ba ta yi kururuwa ba, ta dai riƙe hannuna ta ce, "Inna Ladidi, ashe haka sunan babana shi ke a bakinta."

Na fito in gaya wa maza. Rediyon yana nan bisa turmi, Alhaji bai aiko a ɗauka ba. Jiya da magariba Nagoggo ta sa aka rufe shi da sabon faifanta, wanda take rufe wa baƙo tuwo.