Ranar da Gwaggo Ta Ƙi Tashi

Baban Giwa yana cikin ɓalla maɓallan rigar aiki Maman Biyu ta faɗo ɗakin canza kaya tana haki, ko sallama babu.

"Baba, Gwaggo ta ƙi tashi."

Ya bi bayanta. Suka ratsa ta gaban kejin birrai, suka wuce tafkin kada, masu shara na gaishe shi yana ɗaga musu hannu kawai. Gwaggo ita ce giwa ɗaya tilo a gidan namun dajin birnin. Ta haura shekara hamsin, talatin da uku daga ciki a hannunsa ta yi su. Maman Biyu kuwa a da shara take yi, shekara shida ke nan da aka mayar da ita mataimakiyarsa.

Suka tarar da giwar kwance ta gefen hagu a bakin rumfarta. Kullum jikin wani tudun yashi take jingina ta yi barci, don ya taimaka mata wajen miƙewa. Ruwan jiya ya zaizaye tudun, ta zame, bayanta ya koma gangare, ƙafafunta suka kalli tudu. Ƙasa duk ta caɓe inda ta yi ta shure-shure.

Ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a bayan kunnenta, ya saurari numfashinta. Ta lallaɓo da hanci ta soma laluben aljihunsa.

"Mai binciken aljihun mutane ba yau za ta mutu ba," in ji shi. "Kira Likita."

Likitar dabbobin matashiya ce, shekararta biyu a gidan. Ta iso da jakarta a guje, ta duba ido, ta duba dasashi, sannan ta ɗago.

"Awa nawa ta yi a haka, Baba?"

Ya taɓa kashin da ke bayan giwar da bayan hannu. "Ya huce, amma bai yi ɓawo ba. Uku, ko uku da rabi."

"In ta kai shida nauyinta zai danne huhun, ƙafar da ke ƙasa kuma ta mutu. Daga nan ko ta so tashi ba za ta iya ba."

Sai ga Manaja da waya a kunne, yana tsallake taɓo don kada ya ɓata takalmi. Ya ce ya yi magana da masu motar ɗaga kaya, sun ce sai ƙarfe huɗu na yamma. Lokacin ko takwas na safe ba ta yi ba.

"Babu wani abu a rubuce?" in ji Manaja. "Likita, duba fayil ɗinta mana."

"Fayil ɗin daga shekara goma sha biyu baya ya fara, yallaɓai. Na da can gara ta cinye."

"Wanda gara ba ta ci ba ga shi a tsaye, yallaɓai," in ji Baban Giwa yana nuna ƙirjinsa. "Ta taɓa yin haka, shekara ashirin da shida ke nan. A nan wurin, kusa da wancan famfon. Muka tashe ta, ba mota ba komai."

A ofishin Manaja akwai hotunan manajoji tara jere a bango, kowanne da shekarunsa a ƙasa. Na masu kiwo babu ko ɗaya, a baki suke. Kowa a gidan ya san Tsohon Soja ne ya shigo da Gwaggo a bayan babbar mota tana 'yar jaririya, ya yi wata uku yana kwana a rumfarta yana ba ta madara a bokiti. Shi ya koya wa Dogo, wanda ya bar yatsu biyu a ƙofar kejin kura ya dawo aiki bayan mako guda. Dogo kuma ya koya wa Baban Giwa. Abin da ya sani duk ta wannan hanyar ya zo.

"Me kake buƙata?" in ji Manaja.

"Kowa da kowa. A rufe ƙofa, yau babu baƙi sai an ga hali."

Cikin minti ashirin gidan ya hallara. Mai tikiti ya rufe tagarsa ya zo yana naɗe hannun riga. Mahaucin da ke yanka wa zakuna nama ya zo da jini a gaban rigarsa. Masu shara biyar, mai lambu, masu gadi biyu, har da sakatariya wadda ta ajiye takalmanta masu tsini a kan katanga. Direban tarakta ya kawo motarsa da baya-baya. Baban Giwa ya aika sito aka ɗauko tsohon tiyon 'yan kwana-kwana, mai faɗi, wanda ba zai yanke fata ba, da tsofaffin tayoyi shida.

Ya rarraba aiki kamar mai rabon gado. Masu shebur su haƙe ƙasa a ƙarƙashin ƙafafunta don su sami wurin sauka. Masu ƙarfi su tsaya a bayanta da tayoyi, duk ɗagowar da ta yi su cusa. Shi da Maman Biyu suka kwanta rub da ciki a taɓo suka zura tiyon ta ƙarƙashin kafaɗarta, ɗan kaɗan ɗan kaɗan, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Kai mai tikiti, wannan shebur ne, ba biro ba. Sa ƙafa!"

"Baba, ni fa ciwon baya gare ni."

"In ta tashi sai ta taka maka shi ya miƙe."

Aka yi dariya, aka ci gaba da haƙa.

Da aka ɗaura tiyon a tarakta, ya ɗaga hannu. Direba ya ja a hankali. Gwaggo ta ɗago kamar kamu ɗaya, ta wurga ƙafafu, ta yi wani gurnani da ya sa birrai ihu daga can nesa. Sai ƙafar gaba ta dama ta lanƙwashe, ta koma ƙasa tim. Numfashinta ya soma fita da ƙyar.

"A tsaya!" in ji Manaja. "Za mu kashe ta da hannunmu. A jira motar."

"Ba za ta kai huɗu ba, yallaɓai," in ji Likita. "Na yi mata allurar ƙarfi. Ta huta minti goma, a sake. Sau ɗaya ya rage mana, ko biyu."

Baban Giwa ya tsaya yana kallon ramin da aka haƙa. Daidai yadda Dogo ya yi aka yi, bai manta komai ba. Maman Biyu ta matso ta rage murya.

"Baba, ka yi haƙuri. Tun bara ta daina dogara da ƙafar dama. Da hagu take fara tashi, ta ja dama daga baya. Ni ke buɗe rumfa da safe, ina gani. Yanzu hagun ce a danne, kuma ba mu haƙa mata ba."

Ya dube ta. Shekara guda cur, kuma shi bai lura ba.

"Kun ji abin da ta ce. A dawo da shebur nan."

Suka haƙe ƙarƙashin ƙafar hagu har ta sami sarari, Maman Biyu ta zuba busasshen yashi don kada ta zame. Baban Giwa ya koma gaban giwar, inda idonta zai gan shi. Akwai wata kalma da Tsohon Soja ya zo da ita daga bariki, bakuna uku sun tauna ta har ba a san asalinta ba. Da ita ake ta da Gwaggo, da ita ake sa ta ɗaga ƙafa. Ya ɗaga wa direba hannu, ya jira tiyon ya miƙe, ya cika ƙirji.

"Gwaggo! Tansha!"

Ta wurga ƙafafu. Masu tayoyi suka cusa, mahauci ya sa kafaɗa yana kiran sunan Allah. Ta dawo kan ƙirjinta, ta tsaya a nan tana huci. Ƙafar hagu ta laluba ta sami yashi, ta kafe. Ya sake kira. Sai dutsen nan ya soma ɗagowa, gaba tukuna, sannan baya, yana rawa, yana zubar da taɓo, har ya tsaya a kan ƙafa huɗu.

Sakatariya ta rangaɗa guɗa. Mai tikiti ya manta da bayansa ya ɗaga mai lambu sama. Gwaggo kuwa ta saki fitsari kamar an fasa tanki, Likita ta ce wannan ya fi mata kowane albishir.

Manaja ya zo ya kama hannun Baban Giwa da hannu biyu, takalmansa sun zama abin da suka zama.

"Baba, saura wata biyar ka yi ritaya, ko? Ba zai yiwu ba. Yau zan rubuta a ƙara maka shekara biyu. Muryarka kaɗai take ji. In ba ka, ina za mu sa kanmu?"

Maganar ta yi masa daɗi, ba zai yi ƙarya ba. Ya je famfo yana wanke taɓo yana juya ta a ransa, sai daɗin ya soma gushewa. Ya tuna shekarar Dogo ta ƙarshe. Mutumin ya wayi gari ya ce maƙogwaronsa na ciwo, ya kife bokiti a wajen shinge ya zauna, ya bar Baban Giwa da giwar yana ta kira tana kallon wani wajen. Wata tara ana haka. Amma in an tashi aiki, Dogo ya fi kowa ƙarfin murya a wajen hira. Sai yau, a bakin famfo, ya gane ciwon: dabara ce don giwar ta saba da muryar magajinsa.

Shi kuwa cikin shekara shida ko sau ɗaya bai bar Maman Biyu ta yi kiran ba.

Da yamma Likita ta dawo duba ƙafar dama. Gwaggo na tsaye tana cin ciyawa a hankali. Maman Biyu ta kawo buroshi da ruwan ɗumi, ta ja baya kamar kullum don ta ba shi wuri. Ya wuce ta, ya fita wajen shinge, ya zauna a kan dakalin siminti.

"Sa ta ɗaga ƙafa."

"Ni, Baba?"

"Akwai wata Maman Biyu a nan?"

Ta gyara tsayuwa ta kira. Muryar ta fito siririya kamar ta mai tallan da ba ta son a saya. Gwaggo ta ci gaba da tauna, ta juyo da ido tana neman Baban Giwa. Ya juya mata baya, ya fuskanci kejin jiminai.

"Ba daga wuya ba, daga ciki. Yadda kike kiran 'yan biyunki in sun hau katanga."

Likita ta ƙunshe dariya. Maman Biyu ta ajiye buroshin, ta ja numfashi, ta kira har jiminai suka ɗaga kai. Bai waiwaya ba. Ya ji taunar ta tsaya.

"Baba," in ji Likita a hankali, "ta karkato mata da kunne."

"Ƙafa fa?"

"Tukuna."

"To," in ji shi, ya gyara zama. "Sake."