Wuta a Mataccen Hannu

Shekara biyu ke nan da hannuna na dama ya mutu, amma bai yarda ya yi shiru ba. Igiyar injin jan taru ce ta naɗe shi a jirgin Baba, ta fizge ni har kafaɗa ta yi ƙara. Ƙashi bai karye ba. Jijiyoyin ne suka tumɓuke daga lakar baya, kamar an tuge ciyawa da saiwarta. Tun ranar, ko allura ka soka mini a tafin ba zan ji ba. Amma akwai wuta a ciki. Wani sa'in kamar an tsoma yatsun a tafasasshen mai, wani sa'in kamar lantarki ya ja ni, sai numfashi ya ɗauke in dafa bango.

A tsibirinmu na arewacin Norway, in an tambaye ka jiki, amsa ɗaya ce: "Muna tsaye." Ko da jiya jirginka ya nutse. Baba ma igiya ta cinye masa yatsu biyu kafin a haife ni, ya naɗe wurin da safa ya ƙarasa jan taru, har yau ana ba da labarin a wurin biki. To duk wata uku in na hau jirgin fito na je asibitin birni, likita ta ce daga sifiri zuwa goma ciwon nawa ne, sai in ce uku. Goma ai ta waɗanda teku ta ci ce. Takwas kuwa, da wane baki? Ita kuma ta rubuta uku, ta ba ni ƙwayoyin da suka dace da uku.

Aikin da ya rage mini shi ne manna takarda a jikin kwalaye a rumfar kifin Baba, ni ke buɗewa ni ke rufewa. A kusurwar rumfar akwai zarton lantarki na yanka daskararren kifi. Ban san ranar da na fara kallonsa ba. Na dai lura ƙafata na kai ni wajensa ko ba ni da aiki a can, zuciya tana ce mini: abin da ke ƙonewa, in an raba shi da jiki, ai shi ke nan. Ban taɓa jin tsoron teku kamar yadda na ji tsoron wannan tunanin ba, don shi da muryata yake magana.

Wata Laraba da rana ma'aikata sun fita cin abinci, yayata Gunvor ta shigo neman wuƙa. Ta same ni na zare hannun daga ƙyallen da ke rataye shi a wuyana, na shimfiɗa shi a kan teburin zarton. Injin a kashe yake. Ta zagaya a hankali ta zare wayarsa daga bango.

"Eilif, me kake aunawa?"

"Ba komai. Muna tsaye."

"Tsayuwar gidanku. Mai da hannun nan, ka ɗauko rigar sanyi. Jirgin fito na ƙarfe biyu za mu bi."

Likita Bratli mace ce mai furfura, ba ta da gaggawa. Ta yi tambayar da ta saba. Na buɗe baki uku na shirin fita, Gunvor ta taka mini ƙafa.

"Likita, wannan ɗan tsibiri ne. In kin gan shi kansa a hannu zai ce miki 'yar mura ce. Yau a teburin zarto na tsince shi."

Likita ta ajiye biro.

"Eilif, ba jarrabawar jarumta nake maka ba. Da lambar nan nake zaɓar magani. Nawa ne?"

Harshena ya yi nauyi kamar zan zagi Baba. Na ce, "Tara. Ki yanke shi kawai, don Allah. Ku kuna da wuƙa mai tsabta."

"Ko na yanke, wutar na nan," in ji ta. Ta taso ta ɗora yatsa a ƙasan wuyana ta baya. "A nan take. Inda jijiyoyin suka tumɓuke ne ke ta aika ƙarya zuwa kanka. Na ga waɗanda aka yanke wa, suka farka babu hannu, yatsun da babu su suna ci da wuta."

Na tuna sanyin teburin nan, da yadda maɓallin kunna zarton yake kusa da hannuna na hagu.

Ta ce akwai ƙwayoyi masu ƙarfi, amma za su mai da ni kamar mai tafiya cikin barci. Akwai wata siririyar waya da ake sakawa a baya da ɗan batir a ƙarƙashin fata, tana rikita saƙon ciwon, sai dai ga irin raunina ba kasafai take ci ba. Sannan akwai tiyata: a buɗe ƙashin wuya, a ƙona 'yan ɗigo-ɗigo a jikin lakar, daidai inda ƙaryar ke fitowa.

"Da yawa suna samun sauƙi sosai. Amma hanyar jijiyar ƙafarka ta dama a nan kusa ta bi. Wasu kan farka ƙafar ta yi rauni."

"Rauni kamar yaya?"

"Wani ɗingishi na 'yan makonni. Wani sanda har abada. Ba zan ɓoye maka ba."

Na kalli takalmina. Mai hannu ɗaya yana iya hawa jirgi. Mai hannu ɗaya da ƙafa ɗaya sai dai ya zauna a taga yana ƙirga jiragen wasu. Amma rumfa na nan tana jirana gobe da safe, kuma Gunvor ba kullum za ta zo neman wuƙa ba. Na karɓi biro da hagu na sa hannu a takardar tiyata, rubutun kamar tafiyar ƙaguwa. An ba ni rana, nan da mako biyar.

A jirgin komawa ban sha gahawar da Gunvor ta miƙo mini ba. Yatsun ƙafata nake ta motsawa cikin takalmi, ɗaya bayan ɗaya.

Baba na bakin gaɓa yana ɗinkin taru, rana ba ta faɗi ba tukuna. Bai ɗago ba.

"Yaya aka yi?"

"Tiyata za su yi mini. Baba, tsoro nake ji." Na ciro makullin rumfa daga aljihu na miƙa masa. "Riƙe wannan. Kada ka ba ni ko na roƙe ka."

Ya dubi makullin, ya dubi Gunvor, ta gyaɗa kai. Ya karɓa da hannun nan mai yatsu uku ya jefa a aljihun ƙirji, ya ja zif. Sai ya tsaya yana murza dungun.

"Waɗannan biyun," ya ce, "in sanyi ya shigo, har yau cizo suke. Shekara talatin da ɗaya."

"Ba ka taɓa faɗa ba."

"Uwarka ma ba ta sani ba." Ya matsa mini wuri a kan akwatin kifi. "Zauna. Wace rana suka ce? Ni zan kai ka."