Injin da Bai Juya Ƙwai Ba

Ƙwai goma sha shida su ne abin da ya rage wa Baba na kajinsa. Shekara talatin yana kiwon irin nan, wake-wake masu gajerun ƙafafu, tun daga kaza ɗaya da marigayiya matarsa ta saya. Sai ciwo ya shiga akurki, cikin mako guda ya share su tas, har da zakaran nan mai faɗin rai da ke bin baƙi da sara. Ƙwan kwando kaɗai ya bari.

'Yarsa ta fari, wadda kowa ke kira Injiniya, aikinta rubuta manhajar kwamfuta. Ita ta mai da tsohon firiji injin ƙyanƙyasa, ta rubuta masa umarni da hannunta: ya riƙe zafi, ya riƙa juya ƙwai a hankali har kwana goma sha takwas, sannan ya tsaya cak ya bar su su fito. Ta gwada shi da ƙwan wata gona, kuma wallahi ya yi aiki. Ranar da ta kwashe 'yan tsakin gwaji, ko kashe injin ba ta yi ba, ta jera na Baba, ta danna maɓallin sabon zubi. Allon injin ya nuna kwana ɗaya.

"Baba, don Allah kada ka buɗe, kada ka taɓa," in ji ta. "Na san hannunka da ƙaiƙayi."

Da mako ya zagayo ya kira ta a wurin aiki. "Injiniya, ni fa ban ji abin nan yana motsi ba."

"Haba Baba, kunnen da ba ya jin sallama ne zai ji inji?" Ta yi dariya, shi ma ya yi, ta koma kan aikinta.

Kwana ashirin da ɗaya, shiru. Da biyu, shiru. Ran Asabar da safe, kwana ashirin da uku, ta iske shi a ɗakin ajiya zaune kan bokiti, ya kafa kunne a jikin firijin. Har ya wanke kaskon ruwan 'yan tsaki ya kife a gefe.

Ta jona kwamfutarta, ta tambayi injin kwana nawa yake lissafi a cikinsa. Ya ce arba'in da huɗu.

Ba ta sha wahalar gano abin ba, shi ne ma abin takaicin. Lambar da ke ƙirga kwana, ita da kanta ta sa ta a irin ma'ajiyar da ake kira sitatik, wadda ba ta mantuwa muddin inji na kunne. Maɓallin sabon zubi kuwa, maimakon ta miƙa masa ainihin lambar ya goge, kwafi ta miƙa masa. Ya goge kwafin, allo ya yi ta nuna musu ƙarya mai kyau, ainihin lissafin ya ci gaba daga inda na gwaji suka tsaya. A wurin injin, goma sha takwas ta wuce tun kafin a sa ƙwan Baba. Ko sau ɗaya bai juya su ba.

Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta haska shi da fitilar waya. Ga ɗan duhu nan manne a gefe guda, ba motsi. Ta haska na biyu, na uku, na bakwai. Duk haka suke, sun mutu a ciki, sai ta kashe fitilar.

Tsohon nan da ta hana taɓawa, da an bar shi, da yatsunsa zai juya su safe da yamma. Ya ma faɗa mata injin ba ya motsi, ta mai da shi abin tsokana. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Kin gano matsalar?" in ji Baba.

"Na gano."

"To gyara mana, me kike jira?"

Ta gyara. Layi biyu ne, ko minti ɗaya bai ci ba. Lissafi ya koma ɗaya, injin ya yi 'yar ƙara, tiren da ƙwan ke kai ya karkata a hankali, ƙwai suka mirgina.

Baba ya miƙe zumbur, har bokitin ya kife. "Kin ji! Kin ji ya tashi! Ai na ce 'yata ba ta kasawa." Ya manna fuska a gilashin ƙofar firijin, bakinsa har kunne. "To yanzu kwana nawa za mu ƙara jira?"

Ta zare wayar kwamfutarta daga jikin injin, ta shiga naɗe ta.

"Ba komai," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Ko nawa ne, ina nan."